Kiɗan da ke cikin laftof ɗinka, na wa ne?

Tambaya: Wani matashi daga wani ƙauye kusa da Gujungu, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, ya aiko da wannan: "Assalamu alaikum. Ina da ɗan situdiyo a shago, laftof ne da fiyano da sola. Waƙoƙin biki nake haɗa wa mutane, da na siyasa, da tallan shaguna. Yawancin sautukan da nake aiki da su wani abokina ne ya turo mini a memori daga Kano, wasu kuma na sauke daga intanet inda aka rubuta kyauta ne. Na taɓa sayen kiɗa guda a wani shafi, kuma akwai waƙar da na yanko kalangun wata tsohuwar waƙar Shata, daƙiƙa huɗu kacal, na sa a ciki. Kwanan nan muka ɗora wata waƙar daban a YouTube, sai ga sanarwa wai wani baƙo can ne mai ita. An ce mini in yankan bai kai daƙiƙa 10 ba babu laifi, kuma in na rubuta sunan mai kiɗan ya wadatar. Haka ne?"

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka. Duka maganganun biyu da aka gaya maka ba haka suke ba, kuma na daɗe ina jin su a situdiyoyin Kano tun kafin su iso ƙauye. Sautin da ya shiga laftof ɗinka bai zama naka ba don kawai ya shiga. Abin da ake saya a wannan harka izini ne, kuma kowane izini da iyakarsa a rubuce.

Duk waƙar da ka ji a faifai ko a waya, haƙƙi biyu ne kwance a kanta. Na farko shi ne waƙar kanta, wato baitoci da karin murya, wannan na wanda ya tsara ta ne. Na biyu shi ne ɗaukar da aka yi, wato ainihin sautin da aka naɗa ranar da aka shiga gaban makirfo, wanda masu sana'a ke kira masta. Sau da yawa mutum biyu ne daban ke riƙe da su: mawaƙi na da waƙarsa, kamfanin faifai ko gidan rediyon da ya ɗauka na da masta. In ka yanko sauti daga faifai, ka taɓa duka biyun, izini biyu kake nema. In kuma ka zauna ka sake buga karin da fiyanonka ba tare da ka taɓa faifan ba, ka tsallake mai masta, amma mai waƙa yana nan yana jiranka. Mawaƙin Kamaru Manu Dibango misali ne: 'yar amshin nan ta waƙarsa "Soul Makossa" ta 1972 aka sake rerawa a wata waƙar Michael Jackson, ba a yanki faifansa ba, amma da ya tayar da magana sai da aka biya shi aka sasanta.

Batun daƙiƙa 10 kuwa, babu shi a dokar Najeriya. Dokar haƙƙin mallaka da muke kai yanzu ita ce ta 2022, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Abin da take dubawa shi ne ko ka ɗauki aikin gaba ɗaya ko wani muhimmin ɓangare nasa, kuma muhimmanci ba da agogo ake auna shi ba. Daƙiƙa huɗu na kalangun Shata, in duk wanda ya ji zai ɗaga kai ya ce "ai wannan Shata ne", to ka ɗauki abin da ya sa ka yanko shi tun farko. A Jamus ƙungiyar makaɗan Kraftwerk ta kai wani furodusa, Moses Pelham, kotu a kan daƙiƙa 2 na kiɗa. Shari'ar ta haura shekara 20 tana yawo, har ta kai babbar kotun Tarayyar Turai, wadda a 2019 ta ce yanka komai ƙanƙantarsa na bukatar izini, sai fa in an sauya shi har kunne ba ya iya gane shi. A Amurka ma kotuna sun saɓa wa juna: wata a 2005 ta ce kowane yanka sai da lasisi, wata a 2016 ta yi sassauci a kan wani guntu da bai kai rabin daƙiƙa ba. Ka ga ke nan ko can inda lauyoyi suka fi yawa babu wani adadi da aka tsayar. Rubuta sunan mai kiɗa kuma ladabi ne mai kyau, amma ba ya zama izini. Hasali ma ka rubuta da hannunka ne cewa ka ɗauka.

To Shata fa, da ya rasu? Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999. Doka ta ce haƙƙin waƙa na nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, ke nan waƙoƙinsa na hannun magadansa har ƙarshen 2069. Na Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, sai 2085. Haƙƙin masta ya fi gajarta, shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da ɗaukar ga jama'a, don haka wasu tsofaffin faya-fayan sun fita daga kariya a nan gida. Sai dai wannan bai cece ka ba, tunda waƙar da ke kan faifan tana da masu ita, kuma a Turai kariyar masta shekara 70 ce, YouTube kuwa ba a Jigawa kaɗai ake kallonsa ba. Ni a ganina ma, ko babu doka, gado ne. Akwai 'ya'ya da jikoki a raye. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, bai halatta a keta ta ba. Ko me mutum ya ɗauka game da kiɗa, wannan hukuncin a kan mallakar abin da wani ya ƙirƙira yake.

Yanzu mu zo kan kayan aikinka na kullum, domin a nan ne matsalarka ta gaskiya take, ba a kan Shata ba.

Kamfanoni irin su Splice da Loopmasters suna sayar da guntayen sauti: bugun ganga ɗaya, ko ɗan kiɗa mai zagayawa da ake kira lup, ko 'yar murya. Yawancinsu da lasisin da ake ce wa rayalti-firi suke zuwa. Mutane na jin "firi" sai su ɗauka kyauta ne, alhali nufinsa shi ne ka biya sau ɗaya, ba za su dawo suna neman kaso daga abin da waƙarka ta samu ba. Kamar hayar gona ce: ka noma, amfanin naka ne, ka kai kasuwa ka sayar yadda ka ga dama, amma ba ka da ikon sayar da gonar, ba ka kuma da ikon ba wa wani ita. Bambancin kawai, wannan gonar an ba dubban mutane hayarta lokaci guda. Lup ɗin da ya burge ka, wani yaro a Legas da wani a Brazil suna da irin izinin da kake da shi. Sharuɗɗan da kusan duk suka yi tarayya a kai su ne: ka sa sautin cikin sabuwar waƙa haɗe da wasu abubuwa, kada ka fitar da shi tsirara, kada ka tattara su ka sayar ko ka rarraba, kada kuma ka yi da'awar cewa kai kaɗai ne mai shi. A Splice, abin da ka riga ka sauke lokacin da kake biyan kuɗin wata, izininsa na nan ko ka daina biya, kuma suna ba da takardar shaida da sunanka in ka nema.

Ka lura da "da sunanka". Izinin na wanda ya biya ne, ba ya bin fayil. Ko da abokinka na Kano ya saya da kuɗinsa, ranar da ya tura maka a memori shi ya karya sharaɗi, kai kuma ka karɓi sauti babu izini. Balle ma mun san yadda abin yake: foldar nan mai gigabayit da yawa ta bi hannu goma kafin ta iso gare shi, an cakuɗa na saye da na sata da waɗanda aka yanko daga waƙoƙin mutane, an sauya musu suna, babu mai iya cewa ga asalin ko guda. Haka ma manhajar haɗa kiɗa. Kamfanin Image-Line mai FL Studio ya yarda wanda ya sayi manhajar ya yi kasuwanci da sautukan da ke zuwa cikinta, ban da waƙoƙin gwaji da suke sakawa don nuni. Wanda ke kan kirak, wato manhajar sata da ba a saya ba, bai shiga wannan yarjejeniyar ba. Na san kuɗin dala ba wasa ba ne ga mai shago a ƙauye, ba kuma ina cewa gobe wani zai hau mota ya zo Gujungu ya kama ka ba ne. Abin da nake nuna maka shi ne ranar da rigima ta tashi, ba ka da takardar da za ka ɗaga.

Waɗanda ka sauke "kyauta" sai ka koma ka duba kowanne. A shafi irin Freesound, wanda wata jami'a a Barcelona ta ƙasar Sifaniya ta kafa a 2005, kowane sauti da alamarsa ta tsarin Creative Commons. Mai alamar CC0 an sakar wa duniya, yi yadda kake so. Mai BY sai ka rubuta sunan mai shi, kuma a nan ne kaɗai rubuta suna ke zama cikar sharaɗi, domin shi ya nemi hakan. Mai NC kuwa ban da neman kuɗi. Waƙar biki da aka biya ka, tallan shagon taki, waƙar ɗan takarar kansila, duk neman kuɗi ne, ko da buhun shinkafa aka sallame ka. Kiɗan da furodusoshi ke ɗorawa a YouTube da tambarin kyauta, yawanci su ma haka suke, don gwaji ne, in za ka ci kuɗi sai ka saya.

Kiɗan da ka ce ka saya, ka nemo takardar da aka turo maka ta imel tare da shi, ka karanta ta layi-layi, ko ka sami wanda zai karanta maka. Kusan tabbas haya ce, ba sayen mallaka ba. Irin wannan takarda kan faɗi iya adadin sauraro da aka yarda maka, da bidiyo nawa, da gidajen rediyo nawa, wani lokaci da shekarun da izinin zai yi kafin ka sabunta, kuma sau da yawa mai kiɗan na riƙe da kaso a tsarin waƙar. Wasu ba su yarda a sa a talla ba sai da ƙarin kuɗi. Sannan akwai ramin da ba a gani: shi mai kiɗan, daga ina ya samo nasa? Mawaƙin Amurka Lil Nas X ya sayi kiɗan "Old Town Road" dala 30 daga wani matashi ɗan ƙasar Holan, ashe a cikinsa akwai yanka daga wani faifan ƙungiyar Nine Inch Nails. Da waƙar ta fashe a 2019 sai da aka koma aka nemi izini, aka sa sunayen masu faifan cikin masu waƙar, suka shiga rabo. Saboda haka kafin ka biya kowa, ko furodusan Zoo Road na Kano ne, ka tambaye shi a rubuce: akwai yankan wani a ciki? Ka ajiye amsar.

Sanarwar da ka samu a YouTube, ga yadda abin ke faruwa. Suna da wata na'ura mai suna Content ID da ke sauraron duk abin da aka ɗora tana gwada shi da rumbun da masu haƙƙi suka yi wa rajista. Na'urar ba ta san wanda ya riga wani ba, ba ta karanta lasisi, kamanni kawai take ji. Abin da ya fi yiwuwa a naka shi ne wani can ya yi amfani da lup ɗin da ka yi amfani da shi, ya ba kamfanin rarraba waƙoƙi, ya sa aka yi wa waƙarsa rajista, sai na'ura ta ji naka ta ce nasa ne. Shi ma bai kamata ya yi ba, domin ƙa'idar Content ID ita ce sai abin da kai kaɗai ka mallaka. Irin wannan da'awa ba hukunci ba ce a kan tasharka, yawanci kuɗin talla kawai take karkatarwa zuwa ga mai da'awar, wani lokaci ta toshe bidiyon a wasu ƙasashe. Kana da damar ƙalubalanta, shi kuma yana da kwana 30 ya amsa. Da a ce kai ka sayi lup ɗin, sai ka ambaci lasisinka da rasit, magana ta ƙare. Amma daga memori ya fito, don haka shawarata kada ka ƙalubalanta da ƙarya. In rigima ta yi tsawo ya nemi a sauke bidiyon, za a rubuta wa tasharka gargaɗi, kuma gargaɗi uku a cikin kwana 90 na iya sa a rufe ta da duk abin da ke ciki. Buɗe aikin, cire lup ɗin, buga naka da fiyano, ka sake ɗorawa. Aikin yini ɗaya ne. Ka kuma tuna da wannan in ka fara kai waƙoƙi Audiomack ko Boomplay ko Spotify ta hannun masu rarrabawa: za su sa ka amince cewa duk abin da ke ciki kana da izininsa, kuma kada ka zaɓi a yi wa waƙa rajistar Content ID in akwai lup na haya ko kiɗan haya a cikinta.

Karin waƙoƙin Indiya da aka saba ara a sa musu baitin Hausa, shi ma wannan hukuncin ne. A zamanin kaset babu mai ji daga Mumbai. Yanzu kamfanoni irin su Saregama da T-Series na'ura ce ke saurara musu dare da rana.

Amma ni abin da ke ba ni mamaki da ku matasan ƙauye shi ne, kuna wahalar neman gangar Turawa a memori, alhali abin da babu shi a Splice yana bayan shagonku. Makaɗin mahauta da ke buga kalangu ranar kasuwar Gujungu, mai kukuma, mai gurmi, mai sarewar da ke bin shanu, matan da ke kiɗan ƙwarya a gidan biki. Ka gayyaci mai kalangun nan da safe kafin injin niƙa ya tashi. Kashe fanka, jingina katifa a bango, rataya bargo a ƙofa, ka sa makirfo kamar taƙi ɗaya daga fatar. Ka ce ya ba ka bugu ɗaya-ɗaya tukuna, a sake da kuma a matse a hammata, domin ka sami muryoyin gangar duka, sannan ya yi maka zagaye a hankali da kuma da sauri. Cikin awa guda ka tara abin da babu wanda zai aiko maka da sanarwa a kansa, kuma sautin ya fi na faifan Shata tsafta, tunda babu shushuwar tsohon kaset. Salon bugun kalangu ba na mutum ɗaya ba ne, abin da ba za ka yi ba shi ne ka sa ya kwaikwayi wata sananniyar waƙa da karinta da amshinta.

Sai dai shi ma makaɗin yana da haƙƙi, doka ta ba mai wasa iko a kan naɗar wasansa. Kada ka yi masa abin da ba ka so a yi maka. Doka ta ce sallama haƙƙi gaba ɗaya, ko ba mutum ɗaya izini shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Ba sai da lauya ko Turanci ba, takardar littafin makaranta ta isa: "Ni wane ɗan wane, na garin kaza, na yarda wane ya naɗi kiɗan kalanguna ranar kaza. Ya biya ni naira kaza. Na ba shi izinin sa wannan sauti a waƙoƙinsa da na waɗanda yake yi wa aiki, a sayar, a sa a rediyo da intanet, ba tare da iyakar lokaci ba. Zai ambaci sunana." In kana da niyyar wata rana ka tattara sautukan ka sayar wa wasu furodusoshi, ka faɗa masa ƙarara, ka rubuta, ka ware masa kaso, domin wannan ciniki ne daban. Ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa, in da hali a gaban mai unguwa. In ba ya karatu, a karanta masa a fili kana ɗauka da waya. Ka ɗauki hoton takardar ka tura wa kanka a imel, don gara da ruwan damina ba sa tausayin takarda.

Waƙoƙin gargajiya da ba a san wanda ya fara su ba, irin na gaɗa da daɓe da niƙa, mutane na ɗauka na kowa ne. Doka ta ware musu babi: in za a yi kasuwanci da su ko a fitar da su daga muhallinsu na al'ada, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ita ke da ikon ba da izini, kuma ana so a ambaci al'ummar da abin ya fito. Suna da ofis a Kano, in aiki ya girma yana da kyau ka leƙa. Kada ka haɗa su da Hukumar Tace Finafinai ta Kano, ita abin da waƙa ta ƙunsa take dubawa, ba ta ba da mallaka. Rigimar haƙƙin mallaka kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke saurare, ba kotun yanki ba.

Kai ma ka riƙa rubutawa tsakaninka da masu kawo maka aiki. Mawaƙin da ya biya ka kuɗin situdiyo, kiɗan ya saya ɗungurungum ko na waƙa ɗaya ka ba shi? Kana iya sa wa wani irinsa? In ɗan siyasa ya ɗauki waƙar ya kai gidan rediyo a Dutse, wa za a biya? Layi uku a WhatsApp da ya amsa da "na yarda" ya fi babu. Ka buɗe folda ɗaya ga kowace waƙa, ka zuba rasit da lasisi da hoton shafin da ka sauke sauti ranar da ka sauke, domin masu shafi kan sauya sharuɗɗa daga baya.

Waƙar da ke da yankan Shata, kada ka ɗora ta ko'ina yadda take. Ko dai ka nemi iyalansa da wanda ke riƙe da wannan ɗaukar ku yi magana a rubuce, wanda zai ci lokaci da kuɗi fiye da abin da waƙar biki za ta kawo, ko ka cire daƙiƙa huɗun nan ka sa kalangun da ka naɗa da kanka a gurbinsu. In an riga an tura wa ango da amarya, ka haɗa sabuwar ka tura musu, ka roƙe su ita za su ba masu tura waƙoƙi a kasuwa.